An kawo wa ɗiyata hamsta biyu, faɗa suke kwana yi

Maman_Nana_Zariya:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shawara nake nema. Ƙanen maigidana ya zo nan Maradi daga Yamai kwana tara da suka wuce, ya kawo wa ɗiyata Nana tsarabar wasu ƴan dabbobi biyu, ya ce sunansu hamsta. Kamar kusu suke amma sun fi shi jiki, bayansu ruwan zuma, cikinsu fari, wutsiyar kuwa ɗan guntu ne. Mun zuba su a tsohon kejin kanari. Da rana ba sa motsi sam, barci kawai, har na ɗauka ciwo ne. Da dare ya yi sai kokawa da tsuwa, yau da asuba na ga kunnen guda ya yi jini. Hatsi nake ba su da guntun burodi, ruwa kuma a murfin kwalba. Yarinyar ta ƙwallafa rai a kansu, ni kuma ba na son in ɗauki alhakin dabba. Wanda ya taɓa kiwonsu ya taimaka mini.

Dan_Gulbi_84:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ai ɓeran masar ne. Mun yi kiwonsu muna yara a Bagalam. Ki ba su haki ɗanye da ganyen salati, ki bar su tare, ba sa son zaman kaɗaici.

Abdu_Kiwo:
Yaya Dan_Gulbi, a yi haƙuri, ba shi ba ne. Ɓeran masar babba ne, yana kai kilo guda, da rana ma yana kiwo, kuma gaskiyarka shi zaman taro yake so. Wannan da Hajiya ta kwatanta hamstan Siriya ne, nauyinsa bai cika wuce giram 150 ba, kuma halinsa ya saba da na ɓeran masar ƙwarai. Hajiya, tun kafin a zo maganar abinci: ki raba su yau ɗin nan, kada su sake kwana tare. Wannan dabba ita kaɗai take rayuwa ko a daji, kowanne da raminsa. Suna ƙanana suna haƙuri da juna, amma da sun kai wata guda zuwa biyu sai faɗa, kuma faɗan ba na wasa ba ne, guda yana kashe guda. Ko bokiti mai zurfi ne ki saka ɗayan a ciki kafin a samu wuri, ki rufe da ragar waya, ki ɗora dutse. Barcin rana kuma ba ciwo ba ne, haka Allah ya yi su, dare ne ranarsu. A daina tashe su.

Dan_Gulbi_84:
To madalla, na ƙaru. Ban san akwai wani iri daban ba.

Maman_Nana_Zariya:
Na gode Malam Abdu. Yanzun nan na sa yaro ya ɗauko babban bokiti. Kunnen da ya yi jini fa?

Abdu_Kiwo:
Ki tafasa ruwa ki bari ya huce, ki sa ɗan gishiri kaɗan, ki jiƙa tsumma mai tsabta ki goge a hankali. In ya kumbura ko ya fara ruwa, sai a kai wa likitan dabbobi.

Hadiza_Mokoyo:
Ni tsoro nake ji wallahi. Ba irin waɗannan ne ke kawo zazzaɓin Lasa da muke ji a Najeriya ba? Ga mu dab da iyaka, ga yarinya tana taɓa su.

Infirmiye_Sani:
Hadiza, tambayarki tana kan hanya, amma ba shi ba ne. Cutar Lasa daga wani kusun daji take zuwa, mai nonuwa da yawa, wanda ke shiga rumbu da ɗakin girki yana fitsari a kan abinci. Hamstan da aka haifa a keji ba shi ke yaɗa ta ba. Sai dai kada a ce ba ya ɗauke da komai. Kamar kaji da sauran dabbobin gida, kashinsa na iya ɗaukar ƙwayar da ke sa zawo, kuma akwai wata ƙwayar cuta ta dangin ɓeraye da ke da haɗari ga jaririn da ke ciki. Saboda haka mai juna biyu kada ta zama ita ce mai share kejin. Nana ta wanke hannu da sabulu duk lokacin da ta taɓa su, kada ta sumbace su, kada a ajiye kejin inda ake girki. Kuma a toshe duk hanyar da kusun gida zai bi ya shiga cin abincinsu, don ta nan matsala take shigowa.

Alhaji_Na_Tibiri:
Ni abin da ban gane ba, mutum yana neman guba da tarko ya kashe kusu a gidansa, sai kuma a sayo wani a sa a keji ana ciyar da shi? Da akuya aka saya wa yarinyar, ko ƴan tsaki, da baɗi war haka ta ga amfani. Kuma ina jin kusu yana cikin dabbobin da aka ce a kashe.

Malam_Limanci:
Alhaji, hadisin da kake nufi gaskiya ne, an ambaci ɓera cikin dabbobi biyar masu ɓarna da aka halatta kashewa. Malamai sun ce dalilin shi ne cutarwarsu. Ita wannan dabba da ke tsare ba ta shiga rumbun kowa, ni ban ga ta shiga wannan hukunci ba, amma mai shakka ya tambayi malaminsa. Abin da ya tabbata shi ne ƙanen Anas ɗan Malik yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi (SAW) bai hana ba, har ya tambaye shi labarin tsuntsun da ya ga yana baƙin ciki. Ya kuma tabbata cewa wata mata ta shiga wuta saboda mussa da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. To wanda ya tsare dabba, cinta da shanta da inuwarta suna wuyansa. Abin da Hajiya ke tambaya ke nan.

Alhaji_Na_Tibiri:
Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma ina nan kan maganata ta akuya.

Rabi_Ali_Dan_Sofo:
Maman Nana, ni na yi kiwonsa shekara biyu da rabi har ya tsufa ya mutu a hannuna, bari in gaya miki abin da babu wanda ya taɓo tukuna, kuma shi ne babba a garin nan: zafi. Muna cikin Maris yanzu. Nan da sati kaɗan kin san yadda Maradi take, Afrilu da Mayu ma'auni yana haura 40. Wannan dabba tana jin daɗi ne tsakanin 18 zuwa 24, da an wuce 30 ta shiga wahala. Ba ta gumi, ba ta lallage harshe kamar kare, a ƙasarsu rami take shiga can ƙarƙashin ƙasa ta fake. A keji ba ta da inda za ta gudu. Na farkon da na samu haka na rasa shi, ranar da aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun hantsi, yana ɗaki mai rufin kwano. Na dawo na tarar ya miƙe a kan cikinsa, yawu ya jiƙa haɓarsa, kafin magariba ya tafi. Har yau abin yana damuna, don da na sani da bai faru ba.

Ga abin da na yi wa na biyun. Na mai da shi ɗakin ƙasa na tsohuwarmu, a ƙasa kusa da randa, inda rana ba ta kaiwa. Na sa masa ƙaramar tukunyar ƙasa a kife da ƴar ƙofa, ya mai da ita ɗakin barci, kullum da rana ina yayyafa mata ruwa ta waje. Na sa karo guda na daɓen ɗaki yana kwanciya a kai. In zafi ya yi tsanani ina sayen ƙanƙara, in zuba a buteli, in naɗe da tsumma, in jingina a jikin kejin. Rabin saman kuma ina rufawa da jiƙaƙƙen buhun algarara, rabi a buɗe don iska. Fanka kada ki saita ta a kansa, ba ta sanyaya wanda ba ya gumi, ƙura kawai take hura masa. In kin ga ya yi laushi yana haki, kada ki tsoma shi a ruwan sanyi, wannan ma kisa ne. Ki kai shi wuri mai sanyi, ki shafa masa jiƙaƙƙen tsumma a ƙafafu da kunnuwa, ki ɗiga masa ruwa a gefen baki.

Issoufou_Sabon_Gari:
Abin da Rabi ta faɗa shi ya sa ni nake ganin bai kamata a riƙa kawo su nan ba. Dabbar da sai da ƙanƙara take ƙetare bazara ba ta ƙasarmu ba ce. Masu sayarwa ba sa gaya wa mutane wannan.

Rabi_Ali_Dan_Sofo:
Ban ƙi maganarka ba Issoufou, ni ma ba zan ce wa kowa ya je ya sayo ba. Amma waɗannan biyun sun riga sun zo.

Abdu_Kiwo:
Tunda an taɓo asalinsu: kusa da birnin Halab na Siriya aka haƙo su. A 1930 wani masanin dabbobi mai suna Israel Aharoni ya sa aka tono uwa da ƴaƴanta a wata gona, kuma akasarin hamstan Siriya da ake kiwo a duniya daga zuriyar nan suka fito. Can ma ana zafi da rani, amma kamar yadda Yaya Rabi ta ce, rami ke cetonsu. Shi ya sa shimfiɗa mai zurfi take da muhimmanci, a ƙalla santimita 20, ya samu ya haƙa ya shige. Kejin kanari bai dace ba ko kaɗan: ya yi ƙanƙanta, ƙasansa waya ce tana cin ƙafa, kuma yana hawa sama ya faɗo, don idonsa ba ya gani sosai. Abin da masana kiwonsa ke so shi ne tsawon mita guda da faɗin rabin mita ga kowane guda.

Zara_u_Burja:
Shimfiɗa ai kaɗa ta fi, ga laushi ga ɗumi. Ko a kwance tsohuwar katifa.

Rabi_Ali_Dan_Sofo:
A'a ƙanwata, kaɗa ita ce ba a so. Zarenta yana naɗe ƙafa ya tsai da jini, in ya haɗiye kuma ta toshe hanji. Ni farar takarda nake yayyagawa, da takardar goge hannu marar ƙamshi, in haɗa da busasshen haki mai laushi da na shanya a rana. Ƙaiƙayi ma a'a, yana shiga ido.

Kafinta_Lawali:
Dusar katako fa? Muna zubar da ita buhu-buhu, kyauta zan bayar.

Abdu_Kiwo:
Allah ya saka Malam Lawali, amma ta wurin aiki a gauraye take: akwai ta katakon da aka yi wa maganin gara, akwai ta falanki mai gam, ga ƙura. Huhunsu ba ya ɗauka. Sai dai akwai aikin da ya fi wannan da za ka yi wa Hajiya, akwatin kansa.

Kafinta_Lawali:
Wannan mai sauƙi ne. Mita guda a tsawo, rabin mita a faɗi, tsayi santimita 60, murfin ragar waya mai ƙananan idanu da sakata. Ba zan shafa fenti ta ciki ba. Kusurwoyin zan bi su da gwangwani, tunda na ji kamar yana gwaguya.

Rabi_Ali_Dan_Sofo:
Yana gwaguya ƙwarai. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro har ya mutu, dole ya samu abin da zai rage su. Ina ba shi busasshen reshen gwaiba da na wanke. In kin ga haƙoran rawaya ne kada ki damu, lafiyarsu ke nan. Sakatar nan kuma a yi ta da kyau. Nawa ya taɓa fita, kwana biyu muna nema, a bayan buhun masara muka same shi ya cika kumatu.

Maman_Nana_Zariya:
Kumatun nan ma ina son in tambaya! Jiya Nana ta zo tana kuka wai fuskar guda ta kumbura har kafaɗa. Da safe kuma ta sace.

Abdu_Kiwo:
Jaka ce Allah ya yi musu a kumatu, tana kaiwa har kafaɗa. Yana cika ta da abinci ya kai ma'ajiyarsa ya juye. Shi ya sa za ki ga kwano ya ƙare nan da nan, ki ɗauka yunwa ce, alhali yana can a ɓoye. Cokalin cin abinci guda na tsaba a rana ya ishi guda. Saboda jakar nan ne ba a ba su abu mai danƙo, irin alewa ko cingam ko tuwo, yana maƙalewa ya ruɓe a ciki.

Hajiya_Mai_Aya:
Abinci dai ba a fi mu ba a Maradi. Hatsi, dawa, masara, riɗi, gujiya, aya, ga fara. Me za a nema a kanti?

Abdu_Kiwo:
Gaskiya ne Hajiya, haɗin gida yana yi. Hatsi da dawa da alkama da ɗan fasasshen masara su ne gindin abinci. Riɗi da gujiya da aya mai ne da zaƙi, sai jefi-jefi, ƙwaya ɗaya ko biyu. Gujiyar kuma a duba ta sosai, wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci tana da gubar da ke lalata hanta, ɗan jikinsa ba zai jure ba. Ba tsaba kaɗai yake ci ba, a daji yana cin ƙwari, don haka ɗan dafaffen ƙwai kamar ƙwayar wake sau biyu a sati yana da kyau. Farar kasuwa dai ban yarda ba, an soya ta da gishiri da yaji, kuma ba ka san ko an yi feshi a inda aka kamo ta ba. Ɗanyen kaya kaɗan-kaɗan: karoti, kokomba, ɗan kabewa. Banda albasa, tafarnuwa, lemun tsami, ɗanyen wake, ɗanyen dankalin turawa, da duk abin da aka sa wa gishiri ko magi. Abin da bai cinye ba na ɗanye a kwashe washegari, a duba har ma'ajiyarsa, zafinmu ba ya barin abu.

Hadiza_Mokoyo:
Wanka fa? Don ni warin nake gudu.

Rabi_Ali_Dan_Sofo:
Ba a yi masa wanka da ruwa. Rairayi yake birgima a ciki. Na gulbi nake ɗebowa, in tankaɗe, in wanke, in soya shi a tukunya ya huce, in zuba a kwano mai faɗi. Yawanci ma nan yake mai da wurin fitsarinsa, sai ki canza wannan kullum, wari ya ƙare. Kada ki kwashe shimfiɗar duka lokaci guda, da ƙamshinsa yake gane gidansa, in an kwashe duka hankalinsa yana tashi. Wani abu kuma: turaren wuta, da maganin sauro na hayaƙi, da na feshi, duk a nisanta su da ɗakin. Tururuwa da cinnaka ma suna bin abincin, ni ƙafafun akwatin a cikin gwangwanayen ruwa nake sa su.

Moussa_Kabu_Kabu:
Ina roƙon kowa ya ji wannan. Na yarana ya yi mura, na sayi amoksisilin a hannun mai tallan magani, na fasa na sa masa a ruwa. Kwana biyu zawo ya kama shi, na uku ya mutu. Nufina taimako ne. Daga baya aka gaya mini maganin ne.

Infirmiye_Sani:
Allah ya ba da haƙuri Moussa. Haka ne, dangin penisilin, su amoksisilin da ampisilin, suna kashe ƙwayoyin da ke taimakon hanjinsu, sai mugayen su yi yawa. Kada a ba su maganin mutane ko na kaji. In an je wurin likitan dabbobi ma a tuna masa wace dabba ce, don aikinsu a nan ya fi yawa kan shanu da awaki da kaji. Alamar da ba a jira da ita: gindi ya jiƙe da zawo, ya daina ci, ya takure. Ƙanana musamman, cikin kwana biyu take kashewa. Kuma mai mura a gida kada ya ɗauke su.

Dan_Gulbi_84:
Ni kuwa wani abu ya faɗo mini. Hajiya ta ce kwana tara suna tare. An duba ko mace da namiji ne? Ɓeran masar dai wata biyu ne ya haihu.

Abdu_Kiwo:
Yaya, ka kawo maganar da duk muka manta. Na hamsta ma ya fi sauri, cikin kwana 16 ne kacal, kuma tun suna sati biyar ko shida suke iya ɗauka. Hajiya, ki sa kowanne a kwalba mai faɗin baki ki duba ta ƙasa. Namiji akwai tazara tsakanin ƙofofin biyu, bayansa kuma a tsawaite yake saboda maraina. Mace ƙofofin suna dab da juna, ga layin nonuwa.

Maman_Nana_Zariya:
Na duba. Mai raunin kunnen namiji ne, babbar da ke cizonsa mace ce. Innalillahi. Ke nan wataƙila nan da sati guda mu ga ƴaƴa?

Rabi_Ali_Dan_Sofo:
Yana yiwuwa. Macen Siriya dama ta fi namiji girma da faɗa. Ki fara yi mata akwatin ita, ta saba da shi tun yanzu. Ki ƙara mata ƙwai da takardar sheƙa. In ta haihu za ki gan su jajaye, ba gashi, ido a rufe, suna iya kai shida zuwa goma. Sati biyu cur kada kowa ya taɓa su, kada a share wurin, kada yara su taru suna leƙe. In ta tsorata ko ta ji warin hannu tana cinye su. Wannan ki yi wa Nana bayani da kyau tun kafin ranar. Da sun kai sati huɗu a raba maza da mata.

Issoufou_Sabon_Gari:
Kun ga abin da nake faɗa. Biyu sun zama goma, kowanne da akwatinsa, ga Afrilu tafe. Hajiya, tun yanzu ki fara tunanin wa zai karɓa, kuma wanda yake da ɗaki mai sanyi, ba duk yaron da ya ce yana so ba.

Alhaji_Na_Tibiri:
Kuma a gaya wa yarinyar gaskiya, Rabi ta ce nata shekara biyu da rabi ya yi. Kada ranar ta zo mata ba shiri.

Abdu_Kiwo:
Haka ne Baba, biyu zuwa uku ne iyakarsu. Hajiya, saura abu guda da ban faɗa ba: abin gudu. Cikin dare suna cin tafiya mai nisa, in babu inda za su yi ta sai cizon waya da zafin rai. Ana yi musu wata ƙafa mai juyawa kamar gare-gare, su shiga ciki su yi ta gudu. Faɗinta ya kai santimita 28 don kada bayansa ya lanƙwashe, cikinta kuma shafaffe, ba mai tsani ba. Ɗaukarsu kuma a bari sai sun huce. Nana ta fara miƙa tsaba a tafin hannu bayan magariba, tana zaune a ƙasa, har su hau da kansu.

Maman_Nana_Zariya:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya sun kwana a rabe, gidan shiru, kunnen ma ya fara bushewa. Na mai da su ɗakin da randa take. Maigida ya ce a yi akwati guda tukuna na macen, namijin kuma yana ganin a mayar wa ƙanensa, Nana ta ce ba ta yarda ba, har yanzu ba mu tsai da magana ba. Yaya Rabi, ruwan sha a kwano kike ba shi ko akwai wata dabara? Nawa suna kifar da murfin.

Rabi_Ali_Dan_Sofo:
Ƙaramin kwanon tangaran mai nauyi, marar zurfi, a ɗora shi kan karo don kada shimfiɗa ta faɗa ciki. A canza safe da yamma, da bazara har sau uku.

Kafinta_Lawali:
Hajiya, ki turo yaro ya auno mini faɗin ƙofar ɗakin, kada a gama akwati ya ƙi shiga. Malam Abdu, abin gudun nan in na samu robar kwano mai faɗin 30 na sa mata boris ɗin keke a tsakiya, zai yi?